Harafin da Ya Kai Ni Bawku

Ku ukun da Baba Fasto ya ɗauka watan jiya, na ji abin da kuka ce. Bangon ofishinmu na katako ne, ko ƙadangare ya yi tari a waje sai na ji. Kun ce aikin Lamisi ba aiki ba ne, zama take yi tana zana tsutsotsi a takarda, da yamma ta ce bayanta na ciwo. To, shekarata goma sha tara, huɗu daga ciki a kan wannan kujera na yi su, kuma a sana'armu wanda ya shekara huɗu ya isa a sassaƙa masa sanda. Tunda zan tafi makarantar horon malamai, Baba ya ce in bar muku bayanin aikin a rubuce. Ga shi. Ku wanke hannu kafin ku taɓa.

Aikin dai shi ne wannan. Baba Fasto yana koya wa masu bishara Helenanci, wato harshen da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi, don su riƙa duba nassi da idonsu kafin su hau mumbari. Ɗalibansa ba sa zuwa aji. Suna Salaga, suna Bawku, suna ƙauyukan Pusiga, wasu na noma, wasu na ɗinki. Littafin Helenancin kuwa ɗaya ne tak, yana nan Yendi a ɗakin Baba, an ɗaure shi da igiyar takalmi don ganyensa kada su watse. Saboda haka kowane wata mukan shirya darasi, mu buga, mu ba direbobin tasha su kai. Tafiretarmu ta iya Hausa, ta iya Turanci, amma ko harafi ɗaya na Helenanci ba ta sani ba. Sai ta bar gurbi, ni kuma in cike da hannu. Duk Helenancin da ɗaliban nan suka taɓa gani a duniya, daga yatsuna uku ya fito. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ban nemi aikin ba, hukunci aka yi mini da shi. Ina shekara goma sha biyar iyayena suka turo ni daga Bawku in zauna gidan Baba in yi makaranta. Ran nan na samu gawayi na cika bangon bayan kicin da haruffan da nake gani a allonsa, na ɗora tabarau na kara a hanci, ina kwaikwayon muryarsa, yaran gida suna birgima don dariya. Dariyar ta tsaya cak. Ban juya ba, don na san wanda ke bayana. Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce harafin sigma ɗin nan da na zana ya fi nasa kyau, gobe in same shi a ofis bayan makaranta. Na ɗauka bulala ce. Da bulalar ce da tuni na warke.

A makon farko ya gaya mini cewa a Helenanci kowane suna ko namiji ne, ko mace, ko kuma ba ko ɗaya. Ya yi ta lallaɓa ni, don a nan ne ɗalibansa ke faɗuwa. Kun san Hausar zango, kowa "ya" ne: Amina ya zo, akuya ya gudu, mota ya lalace. Abin da Baba bai sani ba shi ne, kafin in koma wurin iyayena a Bawku, a Salaga na girma, a hannun kakata ta wajen uwa, wadda kakanninta suka zo da fatauci suka zauna da Hausarsu cikakkiya. A gidan Kaka in ka ce tukunya ya fashe, kunnenka ne zai biya kafin a yi maganar tukunyar. Kunnena na hagu ya fi na dama tsawo har yau, ku duba. Sai na ce wa Baba jinsi biyu na riga na sha wuyarsu, na ukun ne kawai baƙo, kuma shi tausayinsa nake ji. Ya yi dariya har ya cire tabarau.

Stensil na farko da na taɓa, na yaga shi tun a harafin alfa. Takarda ce mai kakin zuma a jiki, shuɗiya, siririya kamar fatar albasa. Ana ɗora ta a kan faranti mai kaushi, a rubuta da alƙalamin ƙarfe marar tawada. In kin danna da yawa ta yage, in kin sassauta tawada ba za ta ratsa ba, darasi ya fito kamar an shafe shi da yawu. Harafi mai zagaye, irin omikuron, ba a rufe shi gaba ɗaya, sai a bar masa 'yar ƙofa, in ba haka ba tsakiyarsa ta faɗo ta bar baƙin tabo kamar idon kifi. Sannan ga 'yan alamomin da ke saman haruffa, waɗanda nake kira ƙudaje. Akwai mai kallon dama, akwai mai kallon hagu, akwai mai kwanciya. Ƙuda ɗaya in ya juya baya, kalmar da ke nufin "ɗaya" ta koma "cikin". In an yi kuskure akwai maganin gyara, ja, a 'yar kwalba, mai warin da ke sa ka ga mutum biyu inda ɗaya yake. A shafa, a hura, a jira, a sake rubutawa. Daga nan sai injin gurzawa mai hannu, wanda ku kuke so saboda yana ƙara. Ku yi ta so. Tawadarsa ba ta fita daga farce sai an yi sabon farce.

Wanda ya koya mini abu mafi amfani a wannan aiki ba ma Kirista ba ne. Afa Yakubu ne, wato Malam Yakubu a bakin mutanen nan, maƙwabcinmu, mai shagon yadi, wanda manyan mutane ke zuwa ɗaukar karatun nahawun Larabci a wurinsa bayan la'asar. Ya ji ni ina shara ina rera ƙarshen kalmomi, men, te, men, te, kamar mai kiran kaji. Ya kira ni ya tambayi abin da nake yi. Na ce masa wai a Helenanci ba a gane wanda ya yi aiki sai an duba ƙarshen aikatau, in ya ƙare da "men" mu ne muka yi, in ya ƙare da "te" ku ne kuka yi, kuma ni abin ya ishe ni. Ya ce Larabci ma haka yake, shi ya shekara talatin yana bin wutsiyar kalmomi bai gaji ba.

"Ki daina kallon fuskar kalma," in ji shi. "Fuska kowa ya iya gyarawa. Ki zagaya ki dubi wutsiya."

Shi da Baba sukan zauna a gindin dalbejiya suna gardamar harshen wa ya fi wahalar da bayin Allah. Ba a taɓa yin nasara ba, goro ne kawai ke ƙarewa.

Mummunar shekararmu ita ce ta uku. Mun tafi Salaga mako biyu Baba ya gana da ɗalibai, muka dawo muka tarar gara ta shiga kabad ta ci ƙamus daga harafin pi har ƙarshe. Ba ta taɓa alfa ba, ba ta taɓa bita ba, inda kalmomi masu wuya suke nan ta dosa, shi ya sa na ce garar nan ta yi makaranta. Shekara guda duk kalmar da ta fara da pi zuwa omega, kan Baba ne ƙamus. A shekarar ce stensil ya yi wuya, har muna ƙirga su kamar ƙwai. Maganin gyara ya ƙare, na koma satar jan farcen surukar Baba, wanda ke aiki daidai, sai dai darasin kan fito da ƙamshin biki. Kuma a shekarar ce ciwon yanar ido ya rufe idon Baba. Da, kowane stensil sai ya ɗaga shi a taga ya bi shi harafi-harafi. Yanzu ba ya iya bambanta ni da kabad sai na yi magana. Wasiƙunsa ma ni ke karanta masa, ni ke rubuta amsa. Sai ya kafa mini doka: kowane stensil in karanta shi sau biyu da littafin a gefe, sau ɗaya daga farko, sau ɗaya daga ƙarshe zuwa farko, don ido kada ya yi gudu. Na yi wata uku ina bin dokar ban kama kuskure ko ɗaya ba. Daga nan na yanke wa kaina hukunci cewa ni ba na kuskure.

Darasi na tara a kan wakilin suna yake: ni, kai, mu, ku. A Helenanci "mu" shi ne hemeis, "ku" shi ne humeis. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kamar dai a Hausa. Na "mu" yana farawa da eta, mai kama da n da ƙafa ɗaya ta fi tsawo. Na "ku" yana farawa da ufsilon, mai kama da ɗan ƙoƙo a buɗe. In kin kifar da ɗaya sai ya kusa zama ɗayan. Baba ya zaɓi wata aya daga ɗaya cikin gajerun wasiƙu don ɗalibai su gwada, inda marubucin ke tuna wa mutanensa cewa da can su duka, har da shi, marasa hankali ne masu ƙin juna. Ranar da zan rubuta ta ana suna a gidan Afa Yakubu. Ganga na tashi, ƙamshin shinkafa na shigowa ta tagar nan da kuke gani, kuma na san in na makara ƙanzo kawai zan tarar. Na rubuta ayar hannuna na nan, hancina na can. Baba ya tambaya ko na karanta sau biyu. Na ce na karanta. Na gurza, na ɗaure, washegari direbobi suka tafi da su. Shinkafar ta yi daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan mako uku, ranar Alhamis, wasiƙa ta zo daga Kawu Abugri na Bawku. Abokin babana ne, mai gyaran keke, mai bishara, kuma ɗalibin da ya fi kowa himma. Ƙaton mutum ne wanda in ya yi atishawa kaji ke neman mafaka. Yana amsa darasi da biro kala biyu. Jakinsa ma Omega ya sa masa suna, wai don kullum shi ne na ƙarshe. Sai dai ku san halin da Bawku ke ciki a lokacin. An yi rigimar da ta raba gari, kuma ikilisiyarmu ta can ta rabu da shi: ɗakin sujada ɗaya a wannan unguwa, ɗaya a waccan, an daɗe ba a zuwa ko jana'izar juna. Rumfar Kawu ta farko a cikin rigimar aka ƙone ta. Da ƙyar dattawa suka shirya cewa ranar Lahadi mai zuwa shi zai je ya yi wa'azi a ɗakin sujadar waccan unguwa, karo na farko, da mutum kaɗan daga nasa ɓangaren.

Na buɗe wasiƙar ina karanta wa Baba da ƙarfi. Kawu ya yi gaisuwa shafi guda, sannan ya ce Allah ya buɗe masa ido ta darasi na tara. Ya duba ayar a fassarar Hausa da ta Turanci, duka sun ce "mu". Amma ga asali a hannunsa, baƙi a kan fari, ya ce humeis, wato "ku". Ashe masu fassara tsoro suka ji suka sassauta maganar. Shi ba zai ji tsoro ba. Ranar Lahadi zai tsaya a gaban mutanen can ya gaya musu abin da nassi ya ce da su.

Tun ina tsakiyar shafin na gane. Na so in tsallake layukan in ce Kawu yana gaida kowa da kowa, Baba ba zai gani ba. Amma bakina ya riga ya yi nisa. Da na gama, Baba ya ce in ɗauko kwafin darasin in karanta ayar. Na karanta, humeis. Ya ce in kwance littafin in karanta. Na kwance igiyar takalmin, na nemo wurin, ga eta tsaye da doguwar ƙafarta tana kallona.

"Baba," na ce, "mun yi kuskure."

Ya tambayi ƙarfe nawa motar Tamale ke tashi da safe. Babu waya a gidan Kawu, wasiƙa kuwa ba za ta isa kafin Lahadi ba. Shi Baba ba ya iya tafiya, littafin ma ba zai jure lori da damina ba. Ya faɗi 'yar takarda na rubuta, ya lalubi ƙasanta ya sa hannu. Ya ce Bawku gidanmu ne, na san hanya.

Tafiyar nan kwana biyu ce, amma in ana biyan mutum gwargwadon wuya, wata guda ce. Daga Yendi zuwa Tamale a kan buhun doya na zauna. Daga Tamale zuwa Bolgatanga wani rago ya taka ƙafata bai ɗaga ba har muka zama dangi, da muka rabu ya juyo ya dube ni. Na kwana wurin gwaggona mai saƙar kwando, wadda ta tambayi abin da ya kawo ni ba hutu ba, na ce harafi ne ya ɓata zan je in mayar da shi. Ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne. Ranar Asabar da azahar na sauka a Bawku, ban ko biya gida ba na wuce rumfar Kawu.

Na same shi ya kifar da wani keke, ƙafafun a sama, amma ba gyara yake yi ba. Yana tsaye da takardu a hannun hagu, yana nuna Omega da yatsan dama, yana ce masa "ku". Jakin ya sunkuyar da kai kamar ya yarda da laifinsa. Da Kawu ya gan ni ya yi murna, ya kira matarsa ya ce Lamisi ya zo, a kawo ruwa. Kaka ba ta wurin, kunnen kowa ya tsira. Na durƙusa na gaishe shi, na sha ruwa, na ba shi takardar Baba, na gaya masa gaskiya: harafin nan ni na juya shi, masu fassara ba su da laifi.

Ya karanta takardar sau biyu. Ya ce wannan rubutuna ne. Na ce duk wasiƙun Baba rubutuna ne yanzu. Ya ce sa hannun ma ya karkace. Na ce idon Baba ne. Sai ya yi murmushi irin na babba da ya kama yaro, ya ce ya san babana ne ya shirya wannan, don mako biyu ke nan yana binsa yana roƙonsa ya sassauta wa'azin. Ya ce 'yata, ki gaida babanki, ki ce masa shafi biyar na rubuta kuma ba zan rage layi ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya koma wajen jakinsa.

Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Ba ni da littafi, ba ni da shaida, ni yarinya ce da aka gani tana satar mangwaro a wannan unguwar ba da daɗewa ba. A nan ne maganar Afa Yakubu ta faɗo mini. Na ce Kawu ya yi haƙuri ya taimake ni da abu ɗaya kafin in tafi, ya ɗauko darasin ya karanta mini kalmar farko ta ayar, don na manta yadda ake furta ta. Ba ya iya ƙin irin wannan roƙon. Ya zaro takardar daga cikin Littafinsa, duk ta sha jan biro.

"Emen," ya ce.

"Wutsiyarta fa, Kawu?"

"Men."

"Ta su wa ce?"

Ya buɗe baki da sauri, don darasi na biyar ne, kuma shi kaɗai ya cinye shi duka. "Men, mu. Te, ku." Sai ya tsaya. Ya kusantar da takardar da idonsa. Na ce masa in da marubucin "ku" yake nufi, da ete ya rubuta. Ga aikatau yana cewa mu, ga wakilin suna yana cewa ku, a layi ɗaya. Ɗaya daga cikinsu na marubucin ne, ɗaya na Lamisi ne da ke jin ƙamshin shinkafa. Ya ce to wataƙila aikatau ɗin ne na ɓata. Na ce in haka ne sai dai in na ɓata haruffa da yawa a tare, kuma na ɓata su daidai yadda masu fassara biyu da ba su san ni ba suka ɓata nasu.

Ya sa hannu ya juya ƙafar keken da ke sama, ya tsaya yana kallonta tana zagayawa har ta tsaya da kanta. Ya sake juyawa. A karo na uku ne ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Shafi biyar. To gobe me zan gaya musu?"

Na ce ban sani ba, ni aikina a harafi ya tsaya.

Ranar Lahadi na bi su, ni da babana da wasu dattawa huɗu. Mutanen unguwar sun cika ɗakin, namu suka zauna a benci ɗaya kusa da ƙofa, ni aka tura ni cikin mata. Ba wanda ya yi wa kowa kallon banza, ba kuma wanda ya matsa wa kowa wuri. Da Hausa aka yi komai, don ita ce harshen da ba na wannan ɓangare ba, ba na wancan ba. Kawu ya hau mumbari, ya zaro shafukansa biyar, ya ɗaga su sama. Na fara auna nisan taga.

Ya ce musu wannan wa'azin ya shirya musu, mako uku yana wasa shi kamar wuƙa. Ya gaya musu ayar, ya gaya musu yadda ya ga "ku" a takarda, da yadda abin ya yi masa daɗi tun kafin ya bincika. Ya ce ya iya wutsiyar kalmar tun watanni huɗu da suka wuce, tana gabansa, amma bai duba ba, don ba ya so ya gani. Sannan ya ninke shafukan ya sa a aljihu.

"Na zo da ku," ya ce. "Abin da aka rubuta mu ne. Har da mai rubutun. Har da ni."

Ya karanta ayar yadda take, a hankali, ya yi addu'a, ya sauko. Duk wanda ya san Kawu ya san bai taɓa yin wa'azin da bai kai a ɗora wake a sauke ba. Wannan ko ruwan koko bai isa ya tafasa ba. Mutane suka zauna suna jiran saura. Da ya ga haka sai ya sake miƙewa ya nuna ni cikin mata, ya ce ga wanda ya ɓata harafin, ga kuma wanda ya hau mota kwana biyu ya zo ya gyara. Kowa ya juyo. Wata tsohuwa da ke gefena ta leƙa fuskata ta ce ashe harafi ƙarami ne haka. Wani ya yi dariya a baya, wani ya kama, har ta kai bencin ƙofa.

Ba zan ce muku an rungumi juna ana kuka ba, don ba a yi ba. An fito, an gaisa sama-sama, aka ba namu ruwa suka sha. Amma ranar Litinin da safe, da na biya in yi wa Kawu sallama, na tarar da kekuna biyu a rumfarsa waɗanda ba na unguwarsu ba ne, masu su na zaune a kan taya suna jira. Ɗaya ma na duba, ban ga abin da ya lalace a jikinsa ba. Har yau a Bawku akwai masu kirana Harafi, kuma ba na amsawa sai in abinci ne.

Na dawo Yendi ranar Laraba. Baba ya sa na ba shi labari tun daga ragon har zuwa kekunan, bai katse ni ba. Da na gama na miƙe zan je in yi wanka, sai ya ce in dakata, akwai jimla ɗaya da ta rage ba mu feɗe ba. Ya ce ranar Alhamis na faɗi wata magana, in maimaita. Na ce, mun yi kuskure. Ya tambaya, a nahawu, mutum na nawa ne. Na ce na farko. Tilo ko jam'i? Na ce jam'i.

"A Bawku jam'i ne daidai," in ji shi. "A nan fa?"

Na dubi kabad, na dubi taga, na dubi injin gurzawa ko zai karɓi rabonsa. Ba wanda ya taimake ni.

"Na yi kuskure, Baba. Ban karanta sau biyu ba. Ko sau ɗaya ban karanta ba, kuma na ce maka na karanta."

Ya ce yanzu nahawun ya zauna, in je in yi wanka, warin rago nake yi. Washegari na rubuta takardar gyara zuwa ga kowane ɗalibi, da hannu, ɗaya bayan ɗaya, don ba mu da stensil ɗin ɓatawa, kuma a ƙasan kowace na sa sunana.

Stensil ɗin darasi na tara shi ne wanda kuke gani a rataye a ƙusa bayan ƙofa, wanda ɗayanku ya tambaya ko a jefar. Kada a jefar. Alƙalamin ƙarfe yana cikin gwangwanin madara, farantin yana ƙarƙashin tafireta, sabon ƙamus yana kan bulo huɗu saboda 'yan makarantar nan masu cin pi. Ku karanta sau biyu, daga farko da daga ƙarshe, ko da ganga na tashi a cikin ofishin. In kuma kun ɓata, in na zo hutu ku zo ɗaya-ɗaya. Wanda ya ce mini "mun ɓata", zan tambaye shi wutsiya.